Ɗalibai Goma Sha Tara, Kwat Ɗaya

Kwanakin baya wani saurayi ya shigo shagona a Magajin Gari, yana son in wanke masa hoton da ya ɗauki kansa da waya, zai manna a fom ɗin neman tallafin karatu. Na duba hoton. Kunnensa ɗaya babu, rabin goshinsa ya narke cikin hasken taga, a bayansa kuma ga kalandar wani ɗan siyasa tana leƙe ta saman kafaɗarsa. Na ce ya zauna in ɗauke shi sabo.

Ya ce, "Baba Lawal, hoto ai danna abu ne kawai."

Ban yi masa musu ba. Amma maganar ta zauna mini, shi ya sa nake rubuta wannan, domin shi da sauran masu irin tunaninsa.

Na koyi aikin hoto a Kaduna, wurin wani Bayarabe da muke kira Baba Alabi. Shekara huɗu na yi a hannunsa. A shekarar farko ban taɓa kyamara ba, sai wankin faranti a ɗakin duhu da shanya hotuna a igiya. Ranar da ya fara ba ni kyamara, wani ɗan sanda na ɗauka. Na matsa kusa sosai don fuskar ta fito, da aka wanke sai ga ɗan sanda babu hula babu rabin kai. Baba Alabi bai dake ni ba. Ya manna hoton a ƙofar ɗakin duhu ya bar shi a nan har na gama koyo. Ya ce da Hausarsa, "Ja baya, Lawal. Ɗauki mutum duka, da ƙafa, da abin da ke gefe. Almakashi yana rage hoto, ba ya ƙara shi." Tun daga ranar nake ɗaukar hoton fasfo da faɗi, daga baya in yanke kai da kafaɗa. Ko da aka daina fim aka koma kyamara mai kati, hannuna bai canza ba. Kuma ba na goge na asalin.

Da na dawo gida na kama shago tare da Bitrus. Mutumin kudancin Kaduna ne, mahaifinsa ya zo koyarwa nan tun yana yaro, suka zauna. Shi yana da tafireta, ni ina da kyamara. Shi ya buga wa mutum takarda, ni in ɗauke shi hoto, ya fita da komai a ambulan ɗaya. Ina kiransa Fasto, ko da yake ko ƙungiyar mawaƙan coci sun ƙi karɓarsa saboda murya. Shi kuma yana kirana Alhaji, ni da ban taɓa wuce Zariya ba.

Kakar kasuwarmu ita ce lokacin fom ɗin tallafin karatu. Ku yaran yanzu kuna ganin da an samu gurbi a kwaleji shi ke nan. Gurbi takarda ce kawai. Akwai kuɗin rajista, akwai ɗaki, akwai abinci, akwai littattafai, uban yaro kuma masara gare shi, sai an girbe. Saboda haka kowa yana neman inda za a tallafa: na gwamnati, na ƙungiyoyin gari, na coci, na masu hali da suka kafa gidauniya. Kowannensu da irin takardun da yake so. Takardar samun gurbi, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, sakamakon jarrabawa, wasiƙar mai unguwa, da hoto huɗu wanda hakimi zai sa hannu a bayansa. Wasu jan ƙyalle suke so a bayan mutum, wasu fari. Wasu sun ce kunne biyu su fito. Na ga yaro mai sakamako kamar na malaminsa ya rasa tallafi saboda ya yi dariya a hoto, hatimi ya faɗa kan haƙoransa, aka ce ba a gane shi.

Shagonmu duhu gare shi, don haka a waje nake ɗauka da safe, jikin bangon maƙwabcinmu Alhaji Garba mai taki. Alhaji Garba ya yarda mu yi amfani da bangonsa, amma ya ce duk wanda ya buga masa ƙusa a ciki sai sun haɗu a gaban alƙali. Saboda haka jan ƙyallen da hannu ake riƙe shi. Bitrus ya kama gefen hagu, wanda ya rako yaro ya kama gefen dama.

Yanzu sai maganar rigar. Bitrus yana da kwat guda ɗaya, baƙa, wadda ya ɗinka don bikin aurensa. A wuyanta na hagu akwai tabon ƙuna, inda matarsa Saratu ta manta dutsen guga tana sauraron faɗan maƙwabta. Wata shekara wani yaro daga Kuyello ya zo da riga yagaggiya a kafaɗa, fom ɗinsa kuma ya ce a yi hoto cikin shiga ta kamala. Bitrus ya aika gida aka kawo kwat ɗin. Yaron nan ya samu tallafi har jami'a. Labari ya shiga ƙauyuka. Daga shekarar ba wanda yake yarda in ɗauke shi sai da ita. Ɗan Alhaji Garba kansa, mai shadda a akwati, da ita ya yi hoto.

Rigar ta koma zama a shago, a ƙusar da ke bayan ƙofa, daga Litinin zuwa Asabar. Ranar Asabar bayan la'asar Bitrus ya kakkaɓe ta ya tafi da ita gida saboda coci. Dokokinsa biyu ne: wanda ya ci miyar manja ya wanke hannu da sabulu, kuma ba a daɗewa a ciki a yi gumi. In yaro siriri ne mu tattare bayan da fil. In ƙato ne ya riƙe numfashi. Akwai Lahadin da fom zai rufe washegari, na tarar da samari shida Musulmi zaune a gindin mangwaron ƙofar coci suna jiran a tashi. Da Bitrus ya fito suka kewaye shi suna yi masa barka da fitowa, idonsu duk a kan kafaɗarsa. A nan ya tuɓe ta, ya koma gida da singileti, Saratu na biye tana faɗa.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda aka katse layin waya saboda 'yan bindiga. Kun san ta, ba sai na tsawaita ba. Gonaki na nesa ba a zuwa, hanyar Kaduna sai da rakiya. A lokacin an riga an mayar da yawancin fom kan kwamfuta, mu kuma babu sabis, ko saƙo ba ya fita. Yaran da suka samu gurbi suka zauna suna kallon takardunsu. Sai wata gidauniya ta wani attajiri a Kaduna ta tausaya, ta aiko da fom na takarda ta hannun direba, ƙidayayyu, ta ce tun da yara ba za su iya zuwa tantancewa ba, hoto da takardu sun isa. Marayu kuma za a ɗauke musu komai har ɗaki da abinci. Bitrus ya ciro tsohuwar tafiretarsa daga ƙarƙashin tebur, ya zuba mata man keken ɗinki. 'Yan mata bakwai muka yi wa, da samari goma sha tara.

A cikin samarin akwai Habu daga Gwaska, wanda ya samu gurbi a kwalejin horar da malamai. Mahaifinsa, Malam Isiyaku, shi ya kawo shi a bayan babur. Habu siriri ne ƙwarai, fil biyar muka sa masa. Bitrus ya buga fom ɗinsa, wurin da aka tambayi mahaifi ya buga yana raye, manomi ne. Muka ajiye takardun muna jiran sa hannun hakimi da direban da zai yarda ya kai.

Bayan mako biyu Habu ya dawo shi kaɗai, a ƙafa. An kashe Malam Isiyaku a gonarsa. Muka yi masa gaisuwa. Ya zauna a benci ya ce kawunsa ya yanke magana: in tallafi bai fito ba, zai bi 'yan uwansa ramin haƙar zinare, don akwai ƙanne biyar a gida. Babu sauran fom ko ɗaya. Bitrus ya ɗauki farin maganin goge rubutu ya shafe layin, ya hura har ya bushe, ya mayar da takardar cikin tafireta ya buga ya rasu. Mai unguwarsu ya ba da wasiƙa muka haɗa.

Wata guda bayan an kai takardun, direba ya kawo amsa. 'Yan mata bakwai duk sun samu. Samari goma sha tara kuwa an dakatar da su, saboda akwai shakkar ko suna nan a duniya. Wanda ya shirya takardun ya bayyana kafin Juma'a, in ba haka ba a ba wasu guraben.

Iyaye suka cika ƙofar shago. Babu wanda zai sa ɗansa a wannan hanya, mu ma ba mu nema ba. Bitrus ya ce, "Alhaji, mu muka dafa, mu za mu je mu ci." Ranar Laraba da safe muka shiga ayarin motoci. Shi ya ɗauki kwafin takardu, ni na rataya kyamarata don ba na barinta. Ba mu san laifinmu ba. Tun da ofis za mu, Bitrus ya sa kwat ɗinsa. Ni kuma na ce masa ta yi masa kyau.

Sakatariyar gidauniyar wata dattijuwa ce, Hajiya Binta, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, mai tabarau a ƙarshen hanci. Muka yi sallama muka shiga. Ta ɗago kai za ta amsa, sai idonta ya tsaya a wuyan Bitrus na hagu. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

Ta ce wa masinjanta, "Rufe ƙofa. Ga na ashirin ya kawo kansa."

Ta buɗe fayil ta jera hotunan a tebur, layi uku. Ni na ɗauke su, amma ban taɓa ganinsu a jere haka ba. Jan baya iri ɗaya. Baƙar kwat iri ɗaya, da tabon guga a wuri ɗaya. Aski iri ɗaya, don duk wurin wanzamin da ke kusa da mu nake tura su, shi kuma aski ɗaya ya iya. Ba mai murmushi, don na hana.

Ta ce, "Wane ne mai hoton?"

Na ce, "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Malam, shekara talatin ina duba fuskar yara. Wannan yaro ɗaya ne, ko biyu in na yi muku adalci. Wani lokaci ya kumbura kumatu, wani lokaci ya tsotse. Sha ɗaya daga cikinsu an haife su ranar ɗaya ga Janairu. Wace irin haihuwa ake yi a garinku?"

Bitrus ya ce, "Hajiya, wannan aikin hedimastoci ne. In uwa ta ce ta haihu lokacin da dawa ta fara ja, hedimasta ba shi da gurbin dawa a rajista."

"Kai ne uban yaron?"

"Ni mai rigar ne."

"Haya kake ba da ita?"

"Kyauta, Hajiya. Sai dai a wanke hannu."

Masinja ya juya fuska bango, kafaɗarsa na rawa. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kuma tara marayu ne. Kun ji an ce marayu za a ɗauke wa komai, sai gari ya cika da marayu."

Bitrus ya ce a hankali, "Wannan kam ba hedimasta ba ne."

A nan na tuna ɗan sandan Baba Alabi. Na ce, "Ranki ya daɗe, ko kwamfutarki tana karɓar kati? Abin da ke gabanki rabin hoto ne. Sauran yana nan."

Masinja ya sa katin. Hoto na farko ya buɗe, cikakke. Daga wuya zuwa ƙugu babban ma'aikacin banki, daga ƙugu zuwa ƙasa gajeren wandon ƙwallo da takalmin roba mai laka. Na biyu, kwat a kan zanen barci, don an taso shi daga gado. Na uku ƙato ne, maɓallin ya kusa tsinkewa, kakarsa tana riƙe da ƙyalle tana hararar kyamara. Na huɗu da akuya tana cin gefen ƙyallen. Wani ƙafarsa ɗaure da tsumma. Wani ya tsaya a kan bulo biyu. A dama kowane hoto da mutuminsa daban, uwa, yaya, kawu, malamin makaranta. A hagu kuwa, kullum rabin fuskar Bitrus da hannunsa a sama. A ƙasan kowanne ga rana da lokaci da kyamara ta rubuta.

Hajiya ta jawo kujera kusa. A hoto na bakwai ta fara rufe baki da gyale. A na goma ta bar rufewa. Tana duba fom, tana duba ƙafafu, tana sa alama. Ta ce, "Ashe ƙafa ta fi fuska faɗin gaskiya."

Da ta kai na Habu sai ta ajiye biro. Ta ɗaga fom ɗin a hasken taga, rubutun farko ya fito ta ƙarƙashin farin.

Ta ce, "Sha takwas na yarda. Wannan ba zan iya ba. An buga uba yana raye, an goge an ce ya rasu. Dokarmu, fom ɗin da aka goge a wannan layin ba ya wucewa. Wasiƙar mai unguwa kuwa, na ga irinta da yawa."

Bitrus ya ce, "Hajiya, ranar da na buga, gaskiya na buga. Ranar da na goge ma gaskiya na buga. Tsakaninsu kwana goma sha huɗu ne."

Na ce wa masinja ya matsar da hoton zuwa dama. Ga Malam Isiyaku da hular saƙa da ƙurar hanya a gira, ya ɗaga ƙyalle da hannu biyu. Ba kyamara yake kallo ba, ɗansa yake kallo, bakinsa a buɗe da dariya.

Na ce, "Shi ne wannan. Ranar ya kawo shi."

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Me yake yi wa dariya?"

"Rigar ta yi wa yaron yawa. Ya ce in karatu ya ƙi, zai kafa shi a gona ya kori tsuntsaye."

Ta ce, "Yanzu wa ke gonar?"

Bitrus ya ce, "Ba kowa."

Ta ɗauki biro ta sa hannu a gefen inda aka goge, ta rubuta rana, ta buga hatimi a kai. Ta ce a fitar mata da cikakken hoton a manna a fayil, in shugabannin gidauniyar sun yi tambaya ita za ta amsa.

Har mun miƙe sai ta ce saura abu ɗaya. Shugabannin nan ba za su yarda da labarin riga ba sai sun ga mai ita. In ɗauki Bitrus a sa a fayil.

Bitrus ya ce, "Ni ba na neman tallafi."

Ta ce, "Zauna, Baba."

Babu jan ƙyalle, sai ta yaye mayafin teburinta, ita ta kama gefe, masinja ya kama gefe. Bitrus ya zauna kamar an kawo shi wurin allura. Na ce, "Fasto, ɗaga haɓa. Kunne biyu nake so. Kada ka yi dariya." Ya ce, "Alhaji, shekara talatin ina jin wannan surutun, yi ka gama." A lokacin na lura cewa a duk waɗanda suka sa rigar nan, shi kaɗai ta zauna wa daidai ba fil.

Samari goma sha tara suka tafi makaranta. Habu bai je rami ba. Ya gama, yanzu yana koyarwa a wata firamare a nan cikin gari, ƙannensa biyu suna ajinsa. Na yanke gefen dama na hotonsa na ƙara masa girma na sa a gilashi na ba mahaifiyarsa. Ba su da wani hoton Malam Isiyaku sai shi.

Bitrus ya rasu da daminar bara, a gadonsa, bayan jinyar kwana tara. Saratu ta aiko a ba ta hotonsa don takardar jana'iza da za a raba a coci. Na zauna na bi katuna da tsofaffin fim na shekara talatin. Yana cikin dubbai. Rabin fuska, gwiwar hannu, kunne ɗaya. Cikakke guda ɗaya ne, na ofishin Hajiya Binta. Shi aka buga.

Bayan kwana bakwai Saratu ta zo shago da rigar a leda, a goge. Ta ce ya bar wasiyya kada a binne shi da ita, fom na fitowa bayan girbi. Na mayar da ita ƙusarta. Yanzu har Lahadi a nan take kwana.

Saurayin nan mai hoton waya, da ya zauna sai ya hango ta a bayan ƙofa. Ya ce, "Baba, ita ce wadda ake faɗa?" Na ce ita ce. Sai ya tambayi inda sabulu yake.

Na sa masa fil uku muka fita. Abokinsa da ya rako shi ya kama gefen dama. Na ja baya na ɗauka da faɗi, yadda aka koya mini. Gefen hagu na ƙyallen yana rataye a ƙusa. Alhaji Garba ne ya kawo ta da kansa, washegarin jana'iza, ya buga a bangonsa.